Famfas ɗin da Na Kai wa Takwara

Ni na sayi famfas ɗin. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk wanda ya san labarin nan a danginmu da haka yake fara shi, ko da a cikinsa ne. Ni na saya, ni na ɗauko buhun a ka daga bakin titi har cikin gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Gude, ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta kawo wa gari wutar lantarki. Kwana talatin da huɗu da haihuwa 'yar ƙanwata ta rasu. Daga ranar ba ni da wani aiki a zuciya sai neman sanin ko abin da na kai ne ya kashe ta.

Bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a ce. Ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Gwarzo, maigidana kuma yana aiki a sakatariya, mu biyun muna zaman jiran albashin da sai ya ga dama yake zuwa. A shekarar hijabanmu sun ƙara tsawo, tukwanenmu kuma sun ƙara ƙanƙancewa. Amma akwai fata a gari. Duk inda ka zauna zancen ɗaya ne: yanzu mudu zai cika, mai algus zai shiga taitayinsa, talaka zai kai ƙara a saurare shi. Ni ma na yarda da haka har ga Allah.

'Ya'yana uku, duk maza, da nafkin na raine su, farin tawul ɗin nan da ake naɗewa a soka masa fil a ɗora wandon roba a kai. Wadda ba ta yi wankin nafkin da ruwan saye ba, ba ta gama sanin goyo ba. Ki dawo daga aji ƙafa na zogi, ki tarar da bokiti cike yana jiranki, sabulu ya tsattsaga miki yatsu, in damina ce kuma ki shanya ya ƙi bushewa. Saboda haka da aka aiko cewa autarmu ta sauka lafiya, 'ya mace, haihuwar fari, kuma ta taho gida wanka, sai na ce ita da Inna ba za su sha abin da na sha ba.

Na shiga Kano sayayyar suna. Mu duk abin da ake ɗaura wa jariri a jefar, famfas muke ce masa, ko wane ne ya yi shi. Na kanti, mai kwali da suna da hoton jariri yana dariya, na tambayi kuɗinsa na ajiye shi a hankali kamar ƙwai. A cikin kasuwa ne na ga wani mutum ya farke dila guda, famfas tsirararsu jibge a kan tabarma, ba leda, ba rubutu, ba sunan kowa. Ƙamshi kawai ke tashi, irin mai hawa kai.

"Hajiya, na kamfani ne," in ji shi. "Kwali kawai suka rasa. Kwalin za ki ɗaura wa yaron?"

Na yi dariya, na ce ya cika mini buhu. Ni ce fa nake tsayawa gaban 'yan mata kowace shekara ina buga tebur, ina cewa duk kwalbar da ba ta da rubutu a jiki kada wadda ta shinshina, balle ta taɓa. Na san araha ba ta ado. Amma ranar ilimin nawa a aji na baro shi.

Ana gobe suna na isa. Inna ta zaro ɗaya ta juya shi gaba da baya, ta taɓe baki.

"Wannan kuma fa? Takarda za a ɗaura wa 'yar mutane? Mu da tsumma muka raine ku, ga ku nan ba wadda ta rasa ƙafa."

Na ce a ba ni moɗa. Na shimfiɗa shi a tsakar gida gaban matan da suka zo aikin suna, na tuttula masa ruwa, na ɗaga shi sama. Ko ɗigo bai zuba ba. Aka hau salati, wannan ta taɓa, waccan ta matsa. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta ce lallai Nasara bai bar komai ba sai mutuwa. Inna kuwa na ga yadda ta ɗaure bakin buhun da kanta, ta ɗauke shi daga idon jama'a. Na ji daɗi a ranar, daɗin da ban taɓa ji ba a gidan nan.

Sai na yi bayanin gidanmu kafin a gane sauran. Asalinmu na ruga ne. Fulatancin ya tsere tun zamanin kakanni, shanun ma saura uku, amma kunya tana nan cif, ko ƙwaya ba ta zube ba. Ni ce 'yar farin Inna, kuma tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, in kuma ana zancena da wani, "yarinyar nan". Haka ƙanwata ta tashi ta gani, haka ita ma ta yi da tata 'yar. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta kallon fuskarta, in za ta ba ta nono sai ta kau da kai kamar an ba ta riƙon 'yar maƙwabta. Wanka, shafa mai, canjin famfas, duk Inna ce. Mijin ƙanwar tawa kuma ya yi kara ya sa wa yarinyar sunan Inna, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan. Takwara muke ce mata.

Kafin in koma na lura Inna sau biyu take canja mata a yini, da safe bayan wanka da kuma yamma. Na ce, "Inna, da ya jiƙe ake cirewa." Ta ce, "Abin da aka sayo da tsada? Ai bai cika ba." Muka ɗan yi sa-in-sa, na bar ta, na hau mota na koma Gwarzo don an koma makaranta.

Bayan kamar mako uku wani direban ƙauyenmu ya tsaya a ƙofar gidana ya ba da saƙo. Inna ta ce in na samu sarari in leƙo, Takwara ba ta jin daɗi. Ranar Laraba ce. Na san mutanen gidanmu, na san in Inna ta ce "ba ta jin daɗi" to wani gidan da tuni an kwarma ihu. Duk da haka na ce bari in gama jarrabawar gwaji da na shirya wa 'yan aji biyar, in je ranar Asabar. Kwana ukun nan har yanzu suna zaune a ƙirjina.

Da na shiga ɗakin na tarar da ita a cinyar Inna, ta rame, yawu na dalala daga bakinta, numfashinta na wani kurari kamar ana jan ruwa da tsinke. Na buɗe famfas ɗin. Fatar ta saɓule, ja wur, daga cibiya har gadon baya, daidai inda famfas ɗin ya rufe, kamar an zana da alli an zuba ruwan zafi a ciki. Wasu wuraren sun fara ruwa.

"Kurga ce," in ji Inna. "Ga zafin gari. Ina shafa mata man kaɗanya, na kuma karɓo jiƙo."

Ban san sanda na ɗaga wa mahaifiyata murya ba. Na ce wace irin kurga ce wannan, ku duka ba ku da idanu ne? Ƙanwata tana zaune a bakin gado ta sunkuyar da kai, tana jan zaren tabarma da ƙafa. Na saɓi yarinyar a zani, na ce wa ƙanwar tawa ta tashi mu tafi.

A asibitin Gwarzo sun yi iya yinsu, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Likitan ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ta gyambon, ƙirjinta kuma ya cushe. Ya tambaya me muke sa mata, na faɗa, ya ce a daina. Aka yi allurai, aka sa ruwa a jijiyar kai don ta hannu ta ƙi samuwa. Ranar Litinin bayan azahar, ina riƙe da ƙafarta, na ji ta saki. Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki zanin goyon ta ninke shi huɗu, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa.

A zaman makoki mata suka yi ta cewa mai ceto ce, Allah ya sa ta tsaya wa iyayenta. Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Kayan zamani dai sai a hankali." Ba wadda ta kalle ni, kuma rashin kallon ya fi mini mari zafi. Ranar uku na samu ƙanwata ita kaɗai a bayan ɗaki, wajen murhun da ake dafa mata ruwan wanka, wanda yanzu ba wuta a cikinsa.

"Yaya," ta ce, "duk sanda aka sa mata sabo sai ta yi ta miƙa tana kuka. Na gani. Tun satin farko na gani."

"To me ya hana ki magana?"

"Da wane bakin? A gaban Inna zan ce 'yata kaza? Kuma ke kika kawo."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi don kada a ji a tsakar gida. Ni kuwa kukan bai zo mini ba, wuta ce ta zo. Na koma Gwarzo na ce wa maigidana sai na kai mai dilar nan gaban alƙali. Ba an ce Shari'a ta zo ba? To ga algus da ya ci rai. Ya bar ni na gama zazzaga, sannan ya ce, "Alƙali ba zai tambaye ki zafin zuciyarki ba. Mai ƙara shi ke kawo hujja. Ina taki?"

Gaskiyarsa ce, ko da yake na yi kwana biyu ba na amsa masa gaisuwa da kyau. Na aika wa Inna ta ba direba ragowar famfas ɗin. Suka zo guda goma sha ɗaya, an ƙulle su tam a baƙar leda.

Na fara kai su wani ofis a Kano da aka ce ana awon kaya. Matar da na samu ta saurare ni da mutunci, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce irin wannan awon sai an aika kudu, kuma abin da za a kashe ya fi ƙarfin malamar makaranta. Ta ce a famfas akwai abubuwa da yawa da ake dubawa: abin da aka wanke audugar da shi ta yi fari, turaren da aka fesa, gam ɗin da aka manna, rinin da aka yi zane. Kowanne da na'urarsa. Na fito da ledata a hannu kamar yadda na shiga.

Tunda ina cikin gari, sai na wuce kasuwar. Yana nan a inda na bar shi, da tabarmarsa da ƙamshinsa. Na ja hijabi na rufe rabin fuska, zuciyata na tafasa, na ce ya ba ni guda biyar. Na tambaye shi ko irin na kwanakin baya ne. Ya rantse kaya ɗaya ne, daga hannu ɗaya. Launinsu ɗaya, zanen bakinsu ɗaya. Niyyata in haɗa su da na gida, in nuna wa alƙali cewa ga abin da har yanzu yake sayar wa mutane.

Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu suna ne kawai. Kwalabe ne jere a kanta, rabinsu wayam, rabin kuma rubutunsu ya koɗe. Famfo ba ruwa, murhun gas ba gas. Bayan an tashi na kulle kaina a ciki, na farke ɗaya daga na gida da ɗaya daga sababbin. Ciki auduga ce da wasu 'yan ƙwayoyi kamar sukari, waɗanda da sun sha ruwa sai su kumbura su yi santsi. Na jiƙa kowanne a kofinsa, na tsoma 'yar takardar nan da ke canja launi in abu yana da tsami ko kanwa. Ba ta nuna mini wani abin kirki ba. Iyakar abin da ɗakin zai iya ke nan.

Sai na ce to ai ina da fata. Na yanki ƙyalle daga na gida na jiƙa na manna a cikin damtsena na hagu da filasta, na yanki na sabon na manna a na dama. Na shiga aji da su washegari, ƙarƙashin riga, ina koyar da yadda tsiro ke shan ruwa. Kafin tashi kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi, hagun na ƙuna kamar an goga barkono. Da na ɓare, na dama ya ɗan yi ja, irin jan da zafi da gumi ma kan sa. Na hagu kuwa ya tashi, har da ƙananan ƙuraje masu ruwa.

Na daɗe zaune ina kallon hannuwan nan biyu. Ba haka na so ba. So na yi su ci ni daidai wa daida, in tafi kotu da hannu biyu a kumbure. In kaya ɗaya ne daga hannu ɗaya, me ya bambanta su? Na ɗumama ruwa a gida na jiƙa na ƙauyen, na bari turaren ya ɗan fita, na kai hanci. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari, siriri, mai kama maƙogwaro. Na san shi. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san shi. Na ce a'a, hancina ne ke yi mini ƙarya.

Na je wajen mai sayar da hatsi na roƙi waken da ƙwari suka ci, har yana yi mini tsiya wai ko malamai sun fara miya da ƙwari ne saboda rashin albashi. Na samo kwalabe uku masu faɗin baki. A kowacce na zuba ɗan wake da ƙwari goma masu rai. Ta farko na sa yankin famfas na gida, ta biyu na sabo, ta uku ban sa komai ba. Na rufe su da ƙyalle, na tafi aji. Da na dawo bayan darasi biyu, na kwalba ta biyu da ta uku suna ta yawonsu a kan wake. Na ta farko duk sun kife, ƙafafu a sama.

Sau uku na maimaita, a ranaku uku, kowane karo da wani famfas daban daga cikin baƙar ledar, kowane karo ina addu'ar ya fito daban. Bai fito daban ba.

Ranar Asabar na tafi ƙauye. An yi ruwan farko, Baba yana gona. Na gaida Inna, muka yi gaisuwar da ta kamata, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya yaran, ya Malam. Na ce zan ɗebi wake. Ɗakin ajiyar Baba ƙarami ne, ba taga, buhunan wake jingine yana jiran su yi daraja. Ga buhun famfas ɗina rataye a ƙusa, wayam. A kan katangar da ke gefensa ga 'yar kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwarin da ake haɗawa a sayar a kasuwar ƙauye, an huda murfinta da ƙusa don yayyafi. Ita ma ba ta da rubutu a jiki.

Na fito na zauna kusa da Inna tana tsince shinkafa. Na daidaita muryata na ce, "Inna, ni kuwa yaya kika yi ƙwari ba su taɓa famfas ɗin nan ba? Nawa na Gwarzo har kyankyasai sun fara shiga."

Ta ɗago, fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun rasuwar.

"Ai na kula da su. Kwana biyu da kawowa na ga tururuwa da kyankyasai sun cika buhun, ƙamshin nan ke jawo su. Na ce kayan da yarinyar nan ta sha wahala ta sayo, ga halin da ake ciki, ba za su lalace a hannuna ba. Duk bayan kwana uku sai in yayyafa musu maganin waken Babanku, kaɗan-kaɗan, in ɗaure bakin. Ko ɗaya ba a ci ba."

A gabana take faɗa, amma "yarinyar nan" ta ce, kamar da wata take magana. Shekara talatin da shida ina jiran ranar da Inna za ta nuna mini cewa abin hannuna yana da daraja a wurinta. Ashe ta nuna, a ɗakin da ba mai gani, duk bayan kwana uku. Garin neman gira aka rasa ido. Na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji kamar in kama kafaɗunta in girgiza ta.

Ta mayar da ido kan faifai. "An ce kina ta awo a makaranta. Me kika gano?"

Ina so in yi adalci a nan, don ita kimiyyar da nake koyarwa ba ta yarda a faɗi abin da ya wuce hujja ba. Ƙwarin wake ba jariri ba ne. Ban san me ke cikin turaren famfas ɗin ba, ban san abin da aka wanke audugar da shi ba, kuma na sabon ma ya ɗan ja mini fata. Akwai zafin bazara, akwai yinin da take yi a jiƙe, akwai kwana ukuna. Ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce abu kaza shi kaɗai ya kashe Takwara ba. Amma na ga yawun nan da ke dalala, na ji numfashin nan, na kuma ji abin da ƙyalle ɗaya ya yi wa katuwar mace irina a rabin yini. Zuciyata ta sani.

Na dubi hannun Inna a cikin shinkafar. Da shi ta yi wa yarinyar wanka safe da yamma, da shi ta ɗaura mata kowane ɗaya. Ta kusa sittin, ga hawan jini. In na faɗa, ba za ta yi kuka ba, ba za ta yi musu ba, za ta shiga ɗaki ne kawai ta kwanta. Ƙanwata kuma, da ta rasa 'ya, sai ta wayi gari ba ta iya kallon uwa.

"Kayan ne ba su da kyau, Inna," na ce. "Tun daga kasuwa."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na zata. Allah ya isa tsakaninmu da mai sayarwar." Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Ƙaddara ce, kada ki sa a ranki. Sai dai ke da kika yi boko ma kin ruɗu, balle mu."

Na ce haka ne.

Da Baba ya dawo na ce masa likitoci sun hana ajiye fiya-fiya a gidan da mata da yara ke kwana, ko a rufe take. Ya ce likitocin su za su biya shi waken in ƙwari sun cinye? Na ƙi dariya, na tsaya a kansa har sai da ya kwashe buhunan da kwalbar ya mayar rumbun bayan gari. Maganar kotu kuwa na bar ta. Na ce wa dangi mutumin ya tashi daga inda yake. Maigidana kaɗai na faɗa wa gaskiya, shi ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai dilar nan, wanda bai san ma an yi ba, ya sha Allah ya isa a gidanmu shekara da shekaru. Ban ce kayansa masu kyau ba ne, har gobe ba zan sa wa jariri abin da ba shi da suna ba. Amma na ɗora masa kayan da ba duka ne nasa ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka.

Inna ta rayu shekara tara bayan nan, ta rasu a hannun ƙanwata, suna shiri kamar ƙawaye. Ban yi nadamar wannan ba. Bayan rasuwarta sau da yawa na shirya zan faɗa wa ƙanwar tawa, sai in tambayi kaina me zan ba ta in na karɓe mata uwar da take yi wa addu'a kullum. Sai in fasa. Abin da na iya kawai shi ne kowace shekara in jera wa 'yan aji biyar kwalabe uku da ƙwarin wake, in ce su kalla da kyau, su je su faɗa a gida cewa maganin ƙwari ba ya kusantar abin da zai taɓa jikin yaro. Suna ɗauka darasi ne daga littafi.

Shekara biyu bayan Takwara ƙanwata ta sake haihuwa, namiji. Wannan karon ba kunyar fari, ita ke riƙe da abinta. Na je suna da turmin atamfa da sabulu, duk a cikin ledarsu ta kanti, da rubutu a jiki. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya sosai, ta sa aka ajiye su can saman kwaba. Ɗakin cike da mata, jaririn na ta zagaya hannuwa, daga Gwaggo zuwa maƙwabta, har da wata baƙuwa da ban sani ba. Da ya dawo cinyar uwarsa sai na matsa, na miƙa hannuwana.

Ta ja zani ta ɗan rufe shi.

"Barci yake yi, Yaya."

Idonsa biyu. Yana kallona ta gefen zanin, yana motsa baki. Na ce to, Allah ya raya. Na koma gefen tabarma na zauna, na ɗora hannuwan a kan cinyata.